Muhawara: In masana'antar batir ko ta litiyom za ta zo Katsina, a bayan gidan wa za a kafa ta?

Malam Mai Sola: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, tun da kuma muna da masana a nan, gara in kawo ta. Sana'ata haɗa sola, kun sani. Tun duhun da aka sha a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako babu wuta, kasuwarmu ta buɗe sosai. Daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri, ko mai teburin cajin waya yana neman faranti biyu da batir ɗaya. Alhamdu lillahi. To amma batirin ruwa shekara biyu zuwa huɗu yake yi ya mutu, 'yan gwangwan su saye shi a kilo. Na ga inda wasu suke ƙarewa da idona: wani kango a bayan gidajen mutane, yaro ya sa gatari ya fasa, ya tuttular da ruwan batir ɗin a ƙasa, ya zare farantan dalma da hannu babu safa. Inda ruwan yake zuba ko ciyawa ba ta fitowa, ga awaki suna kiwo a gefe, ga yara suna buga ƙwallo. Yanzu kuma kowa na cewa a kawo mana masana'antar sarrafa batir, a kawo ta tace litiyom, ma'adinin da ake yin batirin zamani da shi, irin ta Nasarawa. Ni ma ina so ta zo. Tambayata ita ce, in ta zo, a bayan gidan wa za a kafa ta, kuma wa zai yanke wannan shawarar?

Alhaji Mai Taki: Wa alaikumus salam. Malam, ka bari ta zo tukuna. Jihar da matasa ke zaune a gindin bishiya tun safe har la'asar, wasu kuma daji ya janye su, ita ce za ta tsaya zaɓen inda za a sa masana'anta? Nasarawa sun buɗe tasu a watan Mayun 2024, kamfanin Avatar na 'yan Sin, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 4,000 na dutse a rana. Mu me muke da shi? Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, wannan dama ce. Mai kuɗi in ya ji hayaniya, Kano zai wuce ko Kaduna, mu kuma mu ci gaba da kallon tirela tana wucewa.

Maman Hanifa: Alhaji, da girmanka, ni a asibiti nake aiki, kuma ba zan iya jin kalmar dalma in yi shiru ba. Zamfara maƙwabtanmu ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Ba annoba ba ce, ba maita ba ce. Dutsen zinare ne mai dalma a ciki ake kawowa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Da farko iyaye sun ɗauka zazzaɓi ne da farfaɗiya, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, don in ka ba yaro magani ya koma cikin ƙurar, aikin banza ne. A 2015 kuma aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28.

Abin da ya fi tayar mani da hankali ba waɗanda suka rasu kaɗai ba ne, Allah ya jiƙansu. Wanda ya rayu, dalma ta taɓa mashi ƙwaƙwalwa, ba ya dawowa daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Yaron zai shiga makaranta ya kasa riƙe karatu, a riƙa dukansa ana ce mashi daƙiƙi, babu wanda zai tuna da hayaƙin da ya shaƙa yana goye.

Alhaji Mai Taki: Hajiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Amma ai hujjata kika ƙarfafa. Abin da ya faru a Zamfara ya faru ne saboda babu masana'anta, kowa yana yi a tsakar gidansa. Kangon da Malam ya gani ma haka ne. Da akwai kamfani mai rajista da injin tace hayaƙi, da yaron nan bai riƙe gatari ba.

Injiniya: A wannan gaɓar Alhaji yana da gaskiya, kada mu ƙi faɗa. Fiye da rabin nauyin batirin ruwa dalma ce, kuma dalma ana iya narka ta a sake amfani da ita sau da yawa. Masana'anta mai kyau, wadda take fasa batir a rufaffen wuri, ta tara ruwan asid ɗin ta kashe kaifinsa, ta sa matatar ƙura a bakin bututun hayaƙi, ta fi kango ɗari. Matsalar ita ce rajista kaɗai ba ta sa kamfani ya zama mai kyau. Ku duba Ogijo a jihar Ogun. Can masana'antun narka batir ne masu rajista, suna fitar da dalma har ƙasashen waje, amma suna zaune a tsakiyar gidaje da makarantu, aka gwada jinin mazauna aka sami dalma mai yawa, har NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, ta rufe wasu. A Kenya ma an yi a unguwar Owino Uhuru ta Mombasa. Wata mata, Phyllis Omido, wadda ta yi aiki a kamfanin kuma ɗanta ya kamu, ita ta ja ragamar ƙara, kotu ta yanke diyyar shilin biliyan 1.3 a 2020. Duka wuraren biyu unguwannin talakawa ne.

Na litiyom kuma daban ne, kada mu haɗa su. Shi ba gubar dalma ce matsalarsa ba. Dutse ne ake fasawa a niƙa, a wanke da ruwa mai yawa da sinadarai don a ware mai amfani. Abu uku yake bari: ƙurar dutse wadda in ta taru a huhu ba ta fita, tulin dusar dutse da laka da ake tarawa a tafki, da kuma shan ruwa. In za a wuce nan a tace shi ya zama sinadarin batir, sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, a jiƙa da asid. Saboda haka tambayar farko ga duk mai son kafawa a jiharmu ita ce: ruwan daga ina? Daga dam ɗin Zoɓe? Daga Ajiwa da birni ke sha? Daga Sabke da Daura ke dogaro da shi? Ko rijiyoyin burtsatse masu zurfi zai haƙa, rijiyoyin ƙauyen da ke kusa su ƙafe a watan Afrilu?

Ɗan Rimi: Injiniya Allah ya ƙara basira. Mu a wajenmu mun ga irin wannan aikin tun kafin a fara yayinsa. Fankokin samar da wuta da iska na Lambar Rimi guda 37 ne, megawat 10, tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka faro maganar. Aka sace injiniyan Faransa a Disambar 2012, aikin ya tsaya, ya ɗauki fiye da shekara goma. Fanka ba ta hayaƙi, ba ta shan ruwa, dabba tana iya kiwo a ƙarƙashinta. Amma abin da na fahimta shi ne, tashar wuta babban layi take ba wa, ba garin da ke kusa da ita ba, sai in tun farko an rubuta cewa za a ja wa garin. Duk inda za a yi sabon aiki, a fara da wannan. Mutum ya ba da gona, ya kwana yana kallon abin da ke samar da wuta, ɗakinsa kuma da fitilar waya, wannan ba ya kwanta wa kowa a rai.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, ku ba ni dama. Na yi aikin safiyo har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Daura. Tambayar Malam Mai Sola ita ce ainihin magana, kuma zan gaya maku yadda ake zaɓen fili, don na ga ana yi. Ba wanda yake zama ya ce bari mu cuci ƙauye kaza. Ana shimfiɗa taswira ne a kan tebur. A nemi inda ke kusa da kwalta, kusa da layin wuta, kusa da ruwa, sannan inda diyya za ta yi sauƙi. Wannan na ƙarshen shi ne yake yanke hukunci. Ina diyya take da sauƙi? Inda babu mai takardar mallaka, babu ginin siminti, babu ɗan garin da zai ɗaga waya ya kira kwamishina. Da zarar fensir ya kusanci gonar wani babba, sai ka ga layin ya lanƙwasa. Haka yake komawa kan masu gonar gado da ba su taɓa ganin takarda ba. A taswira wurin fari ne fes, sai a rubuta daji. Kai da ka taka da ƙafa ka san akwai gawo da kuka da ɗorawa, akwai burtali, akwai maƙabarta tsohuwa, akwai fadamar da mata ke ɗiban ruwa.

Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. In an karɓe don amfanin jama'a, ba kuɗin ƙasar ake biyanka ba, kuɗin abin da ke kanta ne: shuka, bishiya, gini. To in aka zo ƙidaya a watan Fabrairu, gonar gero me ke kanta ban da kara? Sai a ƙirga bishiyoyi a ba ka abin da ba zai sayi rabin irinta ba. Gawo guda da yake ba gona taki, ya ba dabba abinci da rani lokacin da komai ya bushe, a takarda kuɗinsa kaɗan ne. Mai aron gona kuwa, da wanda ya karɓi jingina, da matar da take tsintar kalwa tana daddawa, sunansu ba ya shiga jerin ko kaɗan.

Maman Hanifa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan na matan da ka faɗa, wallahi haka yake.

Ɗan Arɗo: Baba ya ambaci burtali, na gode mashi. Mu namu ya fi na kowa sauƙin ɓacewa, don ba mu da shuka ba mu da gini. Injiniya, gonar sola hekta nawa take ci?

Injiniya: Kimanin hekta 2 ga kowane megawat, in an haɗa da hanyoyi da tazara. Aikin da aka sa wa hannu a 2016 don Kankiya megawat 75 ne, ka ga ana maganar wajen hekta 150 ke nan, kuma da shinge.

Ɗan Arɗo: To ka gani. In shingen ya hau kan burtali, shanu ba za su tashi sama ba, gonar wani za su bi. Daga nan sai faɗa, sai a ce Fulani sun yi ɓarna, wanda ya kafa shingen kuma yana Abuja ko wata ƙasa, ba ya cikin rigimar. Jihar nan ta ga abin da rikicin manomi da makiyayi yake haifarwa, bai kamata a ƙara mana wani da sunan wuta mai tsafta ba. Ga kuma tafkin laka da Injiniya ya faɗa. Saniya ba ta karanta allon gargaɗi, in ta ga ruwa da rani za ta sha.

Alhaji Mai Taki: Duk na ji. Amma ku gaya mani, akwai filin da babu mai shi a jihar nan? Ko'ina ka sa ƙafa gonar wani ce ko hanyar shanun wani. In kowa zai ce ba a bayan gidana ba, ina za a kafa? A sama? Dole wani ya ɗauki nauyi don jama'a su amfana. Asibiti ma da makaranta a gonar wani aka gina su.

Barista: Yallabai Alhaji, gaskiya ne dole wani ya ɗauka. Abin da muke tambaya shi ne me ya sa kullum mutum ɗaya ne yake ɗauka. Asibitin da aka gina a gonar mutum, shi ma zai kai ɗansa. Masana'antar da za ta tace dutse a fitar da shi waje a yi batirin motar da ba za a taɓa gani a ƙauyen ba, ribar tana wani wuri, ƙurar tana wani wuri. Ƙasar nan ta san wannan tun 1988, lokacin da aka kawo dubban gangunan shara mai guba daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Ba a kai su Ikoyi, unguwar masu kuɗi ta Legas, ba. Wannan abin kunyar ne ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, sannan aka yi dokar tantance illar ayyuka ga muhalli a 1992.

Bari in faɗi abin da dokar ta ba mu, don da yawa ba su sani ba. Babban aiki irin wannan ba ya halatta a fara shi sai an yi rahoton illarsa ga muhalli, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi, yawanci a ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mai lasisin haƙar ma'adinai kuma, dokar 2007 ta wajabta mashi ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki kafin ya fara, a riƙa sabunta ta duk shekara 5. NESREA ma ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da batir alhakin inda zai ƙare.

A takarda ke nan. A aikace, rahoton littafi ne mai ɗaruruwan shafuka da Turancin masana, kamfanin ne ya biya wanda ya rubuta shi, yana ajiye a kan teburin wani ofis. Sanarwar tana cikin jaridar da ba ta zuwa ƙauyen. Kwana 21 su wuce, a rubuta cewa babu wanda ya yi ƙorafi. An cika doka, ba a ji mutane ba.

Malam Mai Sola: Barista, to taron jin ra'ayin jama'a da ake cewa ana yi fa?

Baba Mai Ritaya: Ɗana, bari in amsa maka wannan, na zauna a irinsa. A kafa rumfa a ƙofar gidan mai gari, a jera kujerun roba, manya a gaba. Baƙo ya yi bayani da Turanci, tafinta ya taƙaita da cewa alheri ne ya zo, za a ɗauki yaranku aiki. A raba lemo, a zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Mutane sun ɗauka takardar halarta ce, daga baya ta zama shaidar amincewa. Mata suna cikin gida, makiyaya suna daji. Kuma a al'adarmu, wa zai miƙe a gaban hakimi da dagaci ya ce bai yarda ba? Ba tsoro ba ne kawai, kunya ce da ladabi. Wanda ya shirya taron ya san haka sarai. Ban ce sarakunanmu ba sa kishin talakawansu ba, da yawa suna yi, amma su ma sau da yawa ba a gaya masu abin da zai fito daga bututun ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Katsina, ni daga ƙetaren iyaka nake bin ku. Ku tambaye mu labarin garin Arlit da ke arewacin Nijar. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can, Faransa tana kunna fitilunta da makamashin nukiliya, mu kuma shekara da shekaru mafi yawan wutarmu daga Najeriya muka riƙa saye. Da aka rufe mahaƙar Cominak a watan Maris na 2021, an bar tulin sharar da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20 kusa da gari. Ayyukan yi sun zo, gaskiya ne, mutanenmu da yawa sun ci abinci a can. Amma aikin ya ƙare, sharar tana nan. Alhaji, in za ku yi ciniki, ku yi cinikin ranar rufewa tun ranar buɗewa.

Injiniya: Wannan ita ce maganar da ba a so a yi. Ko a gida muna da misali: kududdufan kuza na Jos, inda kakanninmu da yawa daga ƙasar Katsina suka je aikin haƙa, har yau suna nan a buɗe. Kongo kuma tana ba duniya kusan kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin da ake batir da shi, ku je ku ga yadda mutanen Kolwezi suke zaune a bakin ramuka.

Alhaji ya yi tambaya mai kyau, ina za a kafa. Akwai amsa, ba a sama ba. A fara da filayen masana'antu da aka riga aka ware da wuraren da aka riga aka lalata, kamar tsofaffin ramukan kwasar ƙasa da na fasa dutse, kafin a taɓa gona mai rai. A duba iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. Duk garin da ya faɗo a kan wannan layin kusa da bututun hayaƙi, shi zai sha, rabin shekara ta nan, rabi ta can. A nisanci fadama da bakin dam da duk inda ruwan ƙasa yake kusa. A bar tazara tsakanin katanga da gidan farko, kuma a hana yanka filaye a cikin tazarar, don abin da ke faruwa shi ne masana'anta ta zo, masu shayi da masu abinci su biyo, shekara biyar sai ka ga unguwa ta manne da katanga. Sannan kafin a aza tubali ɗaya, a gwada ruwan rijiyoyi da ƙasa, a ajiye sakamakon a hannun mutanen gari. In ba a yi haka ba, ranar da ruwa ya ɓaci za a ce da ma can haka yake.

Maman Hanifa: A ƙara da jinin yara, Injiniya. In ta dalma ce, a gwada yaran da ke kusa kafin a fara, a riƙa maimaitawa, kuma ba asibitin kamfanin ne zai yi ba. Ma'aikata su yi wanka su canza kaya a can. Uba yana iya kawo gubar gida a jikin rigarsa, matarsa ta wanke, jaririnsa ya kwanta a kafaɗarsa.

Alhaji Mai Taki: Waɗannan sharuɗɗan ban ƙi su ba. Gwajin ruwa, tazara, wanka, duk mai hankali zai yarda. Inda ban yarda ba shi ne a ce ƙauye guda yana da ikon hana aikin da jiha gaba ɗaya za ta amfana. In aka buɗe wannan ƙofar, 'yan siyasa da 'yan neman na goro za su shige ta, kowane aiki sai an saye su. Na ga inda matasa suka tare hanya ba don muhalli ba, don a ba su kwangilar yashi.

Barista: Hakan na faruwa, Yallabai, ba na musu. Amma ka lura, masu tare hanya suna samun kasuwa ne a inda aka yi abu a ɓoye. In an karanta rahoton da Hausa a rediyo, an bayyana wurare biyu ko uku da aka duba da dalilin zaɓen wannan, an rubuta adadin 'yan garin da za a ɗauka da irin aikin, ba gadi da shara kaɗai ba, an ajiye kuɗin gyaran wuri a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa shi kaɗai ba, mai neman na goro ba shi da abin da zai sayar. Kuma rabon amfani ba baƙon abu ba ne a dokokinmu. Dokar man fetur ta 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙar mai kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani. In an yarda da wannan a Neja Delta bayan duk abin da suka sha, me zai sa mu jira sai namu ruwan ya ɓaci kafin mu nema?

Game da ikon cewa a'a, ni ra'ayina shi ne, mutumin da ba zai iya ƙi ba, amincewarsa ba ta da ma'ana. Ban ce mutum ɗaya ya tsayar da jiha ba. Amma in garin da zai shaƙi hayaƙin ya taru, maza da mata, ya ji bayani da harshensa ya ce wurin nan ya yi kusa da rijiyarmu, a matsa, to a matsa.

Malama 'Yar Daura: Ina karantawa tun ɗazu. Ni malamar firamare ce, abin da zan ƙara kaɗan ne. Mu na cikin gari da muke sa sola muna jin daɗin fanka da firji, mu ma muna cikin lissafin nan. Batirinmu ne yake zuwa kangon. In muna neman a yi wa ƙauye adalci gobe, yau ma akwai unguwar da take ɗaukar dattinmu. Malam Mai Sola, ku masu sana'ar ba za ku iya haɗa kai ku riƙa karɓar tsohon batir kuna miƙa shi inda ya dace ba?

Malam Mai Sola: Malama, ana iyawa, kuma wasu dillalan suna karɓar tsoho su rage maka kuɗin sabo. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai gatari ya fi biya, don shi ba ya kashe ko sisi wajen kare kowa. Abin da nake gaya wa masu saye a wurina: kada a zubar da ruwan batir don a rage nauyi, kada a ajiye mataccen batir a ɗakin da yara ke kwana ko kusa da rijiya, a bar shi a tsaye da murfinsa. Zan kai maganar wurin 'yan uwana masu sana'a, amma sai hukuma ta shigo, don mu kaɗai ba za mu iya gasa da farashin kango ba.

Ɗan Rimi: Barista, tambaya. In mutum ya wayi gari ya ga an kafa turaku a gonarsa, ba wanda ya ce mashi komai, me zai fara yi?

Barista: Kada ya tuge su, kada ya yi faɗa da masu awo. Ya ɗauki hoto da kwanan wata, ya ɗauki hoton bishiyoyinsa da shukarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗu da maƙwabtan gonarsa su rubuta takarda guda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatar filaye da ta muhalli, ta hannun mai gari, su riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Su tambayi abu uku: wane aiki ne, ina sanarwar karɓe filin, ina rahoton muhalli. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta mashi ba, kuma wanda zai karanta ya zama nasu ne. Kada su yarda a riƙa kiransu ɗaya-ɗaya da dare.

Alhaji Mai Taki: Wannan shawara ce mai kyau, ko ni zan ba ɗan uwana ita. Amma ina nan a kan bakana game da hanawa. A yi sharuɗɗa masu tsauri, a biya diyya ta gaskiya, a matsa in akwai inda za a matsa. In babu, aiki ya ci gaba. Yunwa da zaman banza su ma suna kashe yara, Hajiya ta san haka fiye da ni.

Maman Hanifa: Na sani, Alhaji, kullum ina ganinsu. Sai dai yaron da yunwa ta kama, in ya samu abinci yana murmurewa. Na dalma ba ya dawowa. Shi ya sa a kan wannan guda ɗaya ba zan sassauta ba: masana'antar narka batir ba ta zama kusa da gida ko makaranta, ko nawa za ta biya.

Ɗan Arɗo: Barista, a cikin abin da za a nema a ƙara da lokacin taro. In aka kira shi tsakanin Janairu da Mayu, yawancin masu shanu sun yi kudu neman ruwa, sai su dawo da damina su tarar da shinge. A yi shi bayan girbi kafin a tashi, kuma a aika wa arɗo takarda tasa daban, kada a ce an gaya wa mai gari ya isa.